Hermine da Gidan Cikin Wasiƙa

Ni da Hermine 'ya'yan wa da ƙane ne. Ubanta ne babba, shi ya gaji gidan Castelvair da gonakin kan tudu. Nawa uban takobi ya gada da doki ɗaya, dokin ma ya riga shi mutuwa. Da aka aiko daga fadar sarki ta Versailles cewa an ba Hermine gurbi cikin matan da ke yi wa sarauniya hidima, sai baffana ya dube ni a bakin murhu ya ce, "Odile, sai ki bi yayarki. In ba mai taɓa ta, za ta yi ta tsayuwa wuri ɗaya har ciyawa ta tsiro mata a ƙafa."

Gaskiya ya faɗa. Tun muna yara Hermine takan tafi ta bar jikinta. Ana cikin hira sai ka ga idonta ya tsaya a taga, cokali a hannu, miya na ɗiga. In ka tambaye ta inda ta je, sai ta yi murmushi ta ce, "Nan kusa."

Aka ba mu ɗaki biyu can ƙarƙashin rufin fada, inda hayaƙin murhun maƙwabta ya fi namu murhun ɗumama mu. Aikinta bai da wuyar faɗa. Da safe ta tsaya da farantin azurfa mai ɗauke da safar hannu da mafici, ta miƙa wa wadda ta fi ta, ita ma ta miƙa wa wadda ta fi ta, har su isa hannun sarauniya. Sauran yinin kuwa tsayuwa ce. Ba mai zama a gaban sarauniya sai wadda ta kai dushes, ƙololuwar sarautar matan fada, ita ma a kan 'yar kujera marar jingina. Mai kula da su duka ita ce Madam d'Orvesse, wata doguwar mata mai shaƙar taba. Kunnenta ɗaya ba ya ji, ɗayan kuwa har abin da ba a faɗa ba yana ji.

"Ke 'yar Castelvair," takan ce ba tare da ta motsa leɓe ba, "dawo duniya, ana kallonki."

A shekararmu ta uku, cikin watan Oktoba, ranar da ake shigar da bishiyoyin lemu rumfarsu don gudun sanyi, Hermine ta ja ni da sassafe mu je kallo. Kowace bishiya tana cikin akwatinta na katako, a ɗora ta a amalanke, dawaki su yi ta ja a hankali, ga hazo kwance a kan tafki, sai ka rantse daji ne sukutum ya tashi ƙaura. Muna tsaye a kan matakala muka hangi wani mutum yana bin amalanke ɗaya, yana tsinkar ganye, ya murza a tafin hannu ya shaƙa. Rana ta gasa masa fuska, gashin aronsa ya karkace, yana tafiya ƙafa a buɗe kamar ƙasa za ta kuɓuce masa.

Hermine, wadda ba ta taɓa fara yi wa namiji magana ba, ta sauka matakala.

"Yallaɓai, ganyen sarki ne fa kake tsinka."

Ya juyo ya cire hula, gashin aron ya biyo hular. Ya tsaya da su duka biyu a hannu. "Na ga yana da su da yawa ne, ranki ya daɗe."

"Me kake nema a cikinsa?"

"Wata tashar jirgi da na taɓa sauka can kudu. Mako uku ke nan ina tsaye a zaure ina jiran wanda zai karanta takardata. Wannan ne abu na farko da na shaƙa a gidan nan da ba hoda ba."

Gaspard de Brémaure ke nan, kyaftin ɗin jirgin yaƙi, ƙanen wani babban mai ƙasa a yamma. Bai iya rawa ba, bai iya karta ba, da aka gayyace shi cin abinci sai ya cika wa mutane kunne da labarin tsutsar da ke cin katakon jirgi. Amma kullum da rana, in an sallami Hermine, sai mu same shi a rumfar lemu. Ni in koma gefe da ɗinkina, shi yana ba ta labarin gidan da aka haife shi a bakin teku. Abin da na lura da shi ɗaya ne: muddin yana magana, ba ta zuwa ko'ina.

Wata safiya ina taje mata kai ta ce, "Odile, zan aure shi."

"Ya tambaya ne, Yaya?"

"Bai sani ba tukuna. Yau zan gaya masa."

"Mutumin da ba shi da adireshi sai iska?"

"Yana da gida. Ki ja a hankali, kina tsige ni."

Baffana ya rubuto cewa ya so a ce wan Gaspard ne, amma tunda ta farka har ta zaɓi wani abu da kanta, ba shi zai hana ba. Sarki ya sa hannu a takarda, aka ɗaura aure a cocin fada cikin Janairu, ana dusar ƙanƙara. Hermine de Castelvair ta shiga, Kontes de Brémaure ta fito, da sunan mijinta da sarautarsa. Kwana goma sha ɗaya suka yi tare aka kira shi Toulon, inda jirginsa yake. A bakin karusa ya riƙe hannunta ya ce, "Da itatuwa sun yi toho zan dawo in kai ki gida."

Itatuwa suka yi toho, aka shiga yaƙi. Sai wasiƙu.

Ni nake karɓo su, wasu da tabon ruwa, wasu sun yi wata biyar a hanya. Ba ya labarin yaƙi, ba ya labarin garuruwan da yake sauka. Labarin gidansu na Brémaure kawai yake rubutawa. Ƙofar gidan shuɗiya ce, in ji shi, kuma a gefen gidan akwai maniƙar hatsi da teku ke juya dutsenta, in ruwa ya cika a tare shi, in ya janye a sake shi, ƙafar katako ta yi ta juyawa tana wani kuka mai sa barci. Akwai ɓaure da ya sunkuyo har cikin tagar ɗakin mahaifiyarsa, kina kwance ki miƙa hannu ki tsinka. Akwai fararen shanu da ke ratsa ruwa zuwa wani ɗan tsibiri da safe, su dawo da yamma da tsuntsayen teku a gadon bayansu. Akwai tulin gishiri a bayan gari, in rana ta faɗo a kansu sai ka ce an zubar da taurari ne a ƙasa.

Hermine takan karanta a tsaye a bakin taga, ta ninke, ta sa a ƙirji ta sauka aiki. Yanzu na san inda take zuwa in idonta ya tsaya. Wani lokaci tana dawowa sai ta ce mini, "Shanun sun makara yau," kamar wadda ta leƙa waje ta gani.

Cikin shekara ashirin da shida, sau bakwai ya zo gida, zaman da ya fi daɗewa wata biyar. Duk zuwan sai an ɗaure akwatuna don tafiya Brémaure, duk zuwan sai an kwance. Wani karon sarauniya ce kan gwiwa, ba a ba kowa izini. Wani karon hanya ce ta lalace da ruwa. Wani karon shi da kansa ya ce ƙafarsa na ciwo, ba zai iya kwana goma a karusa ba, alhali na gan shi yana hawa matakalarmu bibbiyu. Na riƙe wannan a raina, ban gaya mata ba.

A shekara ta shida ta haifi ɗa namiji. Kwana arba'in ya yi a duniya ya rasu, uban bai gan shi ba. Na yi zaton za ta karye, don kwana uku ba ta ci ba, ba ta yi magana ba. Rana ta huɗu ta tashi ta wanke fuska, ta ce in kawo mata romo. Tana sha ta ce, "Na kai shi Brémaure, Odile. Can ya fi iska. Yana ɗakin ɓauren nan." Daga nan ba ta sake ambatonsa a gaban mutane ba, kuma ba ta sake haihuwa ba.

Bayan haka wan Gaspard ya mutu ba magaji, duk ƙasar da sarautar gidansu suka dawo kansa. Aka wayi gari Hermine ta zama Markiz de Talzac. Aka sauko da mu bene ɗaya, aka ƙara mana ɗaki mai murhun da ke ci da gaske, kuma yanzu ita ake miƙa wa farantin. Sunan ne ya ƙi zama mata. Ranar farko mai shela ya kira Madam de Talzac sau uku a bakin ƙofa, ita kuwa tana waige tana neman matar da ta rasa kunyar da za ta bar mutane suna jira.

"Ke ake nufi, shashasha," in ji Madam d'Orvesse. "Mata suna binne maza biyu kafin su sami sunan nan, ke an kawo miki har gado kina neman mai shi."

"Uwa, na saba da wancan ne."

"Saba da wannan. In mijinki ya ci gaba da nutsar da jiragen mutane, wani ma yana tafe."

Maza sun gwada sa'arsu, ba zan ɓoye ba. Mace kyakkyawa, miji a teku, fada kuma cike da marasa aikin yi. Wani ya yi wata shida yana aiko mata da waƙoƙi. Ranar da ya tare ta a lambu ya durƙusa, ta dube shi da kyau ta ce, "Yallaɓai, ka taɓa ganin farar saniya tana iyo?" Bai sake dawowa ba, ya bi gari yana cewa Markiz ba ta da cikakken hankali. Maganar ta yi mata amfani ƙwarai.

Muna nan, furfura ta fara fito mana a ƙarƙashin hoda, sai labari ya zo na wani babban faɗa a teku. An ci nasara, Gaspard ne ya jagoranci jiragen, amma albarushi ya tashi a kusa da fuskarsa. Aka kawo shi a kwance. Tabon ya warke, idon bai dawo ba, sai haske da inuwa yake bambantawa. Sarki ya saka masa da sarautar da ta fi duka, ya zama Diyuk, Hermine ta zama Dushes de Talzac.

Ranar da za ta fara zama, mata huɗu muka taru muka shirya ta. Aka shigar da ita, ta yi gaisuwa uku, wani bawan fada ya kawo 'yar kujerar mai jan ƙyalle ya ajiye a bayanta. Ina leƙe ta bakin ƙofa. Ta zauna a hankali, kamar mai tsoron kar abin ya gudu. Ta gaya mini daga baya cewa abin da ta fara ji shi ne ƙafafunta, shekara kusan talatin suna ciwo ba ta sani ba sai da ta ɗauke musu nauyi. Na biyu kuma, daga zaune ba a hango taga, sai rigunan mata.

Washegari ta je ɗakin Madam d'Orvesse, wadda a lokacin ta haura tamanin, tana mulki daga kan gado. Na raka ta.

"Uwa, na zo ajiye aiki."

Tsohuwar ta juyo kunnen mai ji. "Sake faɗa, na ɗauka cewa kika yi za ki ajiye aiki."

"Haka na ce. Zan kai mijina gida."

"Jiya fa kika zauna! Kujerar ko ɗumi ba ta yi ba. Akwai matan da za su ba da haƙoransu duka don su ɗana ta sau ɗaya."

"A ba su. Na ɗana, kujera ce."

Madam d'Orvesse ta shaƙi tabarta, ta yi atishawa, ta daɗe tana kallon Hermine. "Tun ranar da kika zo na san aro aka ba mu ke. Je ki, zan san yadda zan faɗa a sama. Ke kuma Odile, kina nan kina bin ta kamar jela?"

"Ina nan, ranki ya daɗe."

"To Allah ya ƙara miki haƙuri."

Muka tashi cikin watan Mayu, mu uku a karusa ɗaya, kaya a ta biyu. Hermine ce idonsa. Tana gaya masa komai: ga gonar alkama iska na kaɗa ta, ga mata suna wanki a bakin kogi, ga wani limamin coci a kan jaki ƙafafunsa na jan ƙasa. Kwanakin farko yana dariya yana tambaya. Muna ƙara yin yamma yana ƙara yin shiru. A masauki na takwas ya ce gadon wurin ya yi masa daɗi, mu ƙara kwana biyu. Da suka cika ya ce mu ƙara.

"Kyaftin," in ji Hermine, don haka take kiransa har ya mutu, "shekara ashirin da shida nake ɗaure akwati ina kwancewa. Gobe da safe ina cikin karusa. In kana so ka zauna ka auri gadon."

Muka isa da azahar, ruwa ya janye. Ban ga teku ba, laka na gani, baƙa, shimfiɗe har iyakar ido, tana wari. Gidan yana tsaye a kan ɗan tudu. Rabin rufin ya rufta, ciyawa mai ƙaiƙayi ta cinye tsakar gida, ƙofar kuwa ba ta da wani launi sai na tsohon katako. Wakilin da aka bar wa gidan a birni yake zaune, ya yi shekaru bai leƙo ba. Ƙafar maniƙar tana kwance a laka, kaji na kiwo a kanta.

Muka sauko da shi. Ya tsaya riƙe da hannunta, fuskarsa a sama. "To, gaya mini."

Hermine ta dubi gidan. "Ga ƙofar nan," ta ce, "shuɗiya, sai dai ta ɗan koɗe. Ga ɓauren, ya yi ganye sosai. Shanun suna can tsibiri, ina hango su ƙanana, farare..."

"Hermine."

"Maniƙar kuma..."

"Hermine, ido na rasa, kunnena da hancina suna nan. Ba na jin maniƙa. Ina jin warin ruɓaɓɓen katako da kashin kaji. Kuma ba ki hango fararen shanu ba, don ba a taɓa yin su ba."

Ta saki hannunsa.

Ya ce, "Ina da shekara tara aka ɗauke ni daga nan aka kai ni makaranta, daga can sai jirgi. Ban sake dawowa ba. Abin da na tuna na gaya miki shi duka a rumfar lemu, mako biyu ya ƙare. Kika rubuto kina tambaya, ɗakin sama fa, bayan gida fa. Ina zaune a cikin jirgi, mutane na mutuwa da zazzaɓi a ƙarƙashina, sai in ɗauki alƙalami in ƙara ɗaki ɗaya. Har na kai ban san wanne na tuna ba, wanne na gina. Shi ya sa ƙafata take ciwo duk lokacin da kika ɗaure akwati."

"A nan na ajiye ɗana," ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba. "A ɗakin ɓaure. Ka bar ni na ajiye shi a ɗakin da babu."

Ta tattara rigarta ta bi ta cikin ciyawar, ta haye katangar dutse da ke tare ruwa, ta zauna ta ba mu baya. Na zaunar da shi a kan akwati, na rasa wanda zan bi.

Ana haka sai ga wani tsoho ya fito daga wata bukka a bayan maniƙa, da kwandon ƙaguwa a hannu. Ya ƙare wa karusa kallo, ya ƙare wa makahon kallo, ya matso har kusa da hancinsa.

"Kai! Ba Gaspard ba ne, ƙaramin ɗan Madam? Wanda ya faɗa mana a madatsa muka fiddo shi da ƙugiya?"

"Mathurin?"

"Ni ne, ranka ya daɗe, in ji masu iya magana. An ce ka zama wani abu babba. Ashe dai har yanzu ba ka kallon gabanka."

Gaspard ya yi dariya har ya koma kuka, ya riƙe hannun tsohon ya ƙi saki. Mathurin ɗan mai maniƙa ne, tare suka yi wasa. Na tambaye shi zancen ɓaure. Ya ce akwai mana, yana nan har yanzu, amma a bayan garken aladu yake, bai taɓa kusantar tagar kowa ba. Shanu kuwa biyu ne, jajaye, kuma ko da bulala ba sa shiga ruwa.

Da la'asar na hau katangar na zauna kusa da Hermine. Ba ta dube ni ba. Can nesa wani farin zare ya bayyana a bakin lakar, ya yi ta matsowa ba ƙara, yana cika ramuka ɗaya bayan ɗaya, kowane rami ya cika sai ya ɗauki sama a cikinsa. Kafin mu ankara laka ta ɓace. Ruwa ne ko'ina, launin zuma, yana taɓa dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarmu a hankali, ƙananan jiragen masunta da ke kwance a gefe suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna rangaji. Mu 'yan tudu ne, ba mu taɓa ganin irin wannan ba.

"Wannan bai rubuto shi ba," ta ce. "Duk ƙaryar da ya yi, wannan ya manta."

Na gaya mata zancen ɓauren da garken aladu. Kafaɗunta suka fara rawa, ban san ko dariya ba ce ko kuka, ina jin ita ma ba ta sani ba. Da ta nutsu ta share fuska ta ce, "Je ki ce wa matar tsohon nan ta dafa ƙaguwar. Kyaftin bai ci komai ba tun safe. Amma kar ki ce ni na ce."

Mako guda ba ta yi masa magana ba. Muka share ɗakuna uku na ɓangaren da rufinsa ke tsaye. Rana ta takwas na same ta ta kafa tsani da kanta, tana shafa wa ƙofa shuɗin fentin da masunta ke shafa wa jiragensu, shi kuma yana riƙe da tsanin tana yi masa faɗa ya karkata.

Shekara biyar suka yi a Brémaure, kuma a nan ne suka san juna. Ta gano yana munshari, yana zagi in ya yi tuntuɓe, ba ya cin abinci sai da tafarnuwa. Shi ya gano ba ta taɓa yin komai a kan lokaci ba, kuma takan bar shi tsaye a tsakar hanya ta tafi kallon gajimare. Suna faɗa kamar yara, su shirya kafin miya ta huce. Shi da Mathurin suka tayar da maniƙar, ɗaya na gani, ɗaya na lalube yana ba da umarni kamar yana kan jirgi, shekara biyu suna abu ɗaya. Ranar da ta fara juyawa ƙauyen duka ya taru. Kukanta ba ya sa barci ko kaɗan, ƙara ce kamar ana yanka alade, amma Gaspard ya sa aka kai masa kujera gefenta, can yake yini.

Mutanen ƙauye sun ji an ce dushes ce, suka gwada faɗa kwana biyu, bakinsu ya gaji, suka koma kiranta matar Kyaftin. Wannan ba sai an kira sau uku ba. Ta dasa reshen ɓauren a ƙarƙashin tagarta. Wata rana na same ta tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, na ja da baya ban tambaya ba.

Gaspard ya mutu wata ranar Talata da hantsi, a kujerarsa, maniƙa na juyawa. Mathurin yana ta ba shi labari, sai da ya kai wurin dariya bai ji an yi ba sannan ya duba.

Da yake ba ɗa, sarauta da ƙasa suka koma ga wani ɗan ɗan'uwansa, Hyacinthe, saurayi mai tsabta da turare. Matarsa ta zama Dushes de Talzac, Hermine kuma aka ƙara mata kalma a gaban suna don a san tsohuwar ce, mai takaba. Ya zo ganin gadonsa cikin watan Agusta. Kwana biyu sauro ya yi yana cinsa, fuskarsa ta kumbura, takalminsa ɗaya ya maƙale a laka har yau ba a same shi ba. Da zai tafi ya sumbaci hannunta ya ce, "Gwaggo, ki zauna a gidan nan iya ranki. Ni dai kar a sake kirana." Daga fada ma an rubuto cewa ɗakinta yana nan in tana so. Ta sa ni na rubuta godiya mai tsawo.

Shekara bakwai ta ƙara. A bazararta ta ƙarshe, ƙafafunta sun kumbura ba ta iya nisa, ta tashi wata safiya ta ce tana so a fita da ita teku. Ba bakin ruwa ba, can ciki, inda ba a ganin ƙasa. Na ce ta yi haƙuri, Mathurin ya ce haukan masu sarauta ne, ta ce ta ji, a kawo jirgi. Surukin Mathurin ya ɗauke mu a jirginsa na kamun kifi, aka shimfiɗa mata bargo a kan raga.

Muna cikin mashigi lafiya lau, tana zaune tana kallon gidan yana ƙanƙancewa, shuɗiyar ƙofar ta zama ɗigo. Muna fita fili igiyar ruwa ta ɗauke mu ta sauke. Fuskarta ta koma kore. Ta kama gefen jirgi ta yi amai, ta ɗago, ta sake. Mai jirgin ya ce mu juya, ta ɗaga masa hannu ta ce a'a. Muka yi ta tafiya har ƙasa ta nutse, ba komai sai ruwa da sama, da wani tsuntsu ɗaya da ke bin mu. Ta jingina a jikina, gashinta ya jiƙe, tana haki.

"Odile, a kan wannan abin ya zauna shekara arba'in?"

"Haka aka ce, Yaya."

"A nan yake rubuta wasiƙun? Teburin na rawa haka?"

"Ina jin haka ne."

Ta rufe ido, ruwa na dukan katako. "To na yafe masa shanun," ta ce. "Ce wa mutumin nan ya mai da mu gida, kafin in amayar da hanjina."

Muka iso da yamma, ruwa na cikowa, ya kai mu har gindin katanga. Mata biyu suka ɗauke ta a kujera suka hau da ita. Ta sha romon kifi rabin kwano, ta ce gadon yana rangaji, kuma kar a gyara, haka take so.